Masani da mai mulki: wa ke riƙe da akalar wani a harkar tsaro?

Ƙanena, tambayar da ka aiko mini kashi biyu ce. Kana so ka san ko masana kimiyya ne ke tsara wa gwamnatoci manufofin tsaro, ko kuwa 'yan siyasa da janar-janar ne ke juya masana yadda suka ga dama. Sannan ka ce wata cibiya mai alaƙa da ma'aikatar tsaro ta yi maka tayin tallafin karatun digiri na uku, zuciyarka kuma ba ta kwanta ba.

A ganina kowane ɓangare yana riƙe da igiyar ɗayan. Mai mulki shi ke zaɓen tambayar da za a zuba wa kuɗi, shi ke yanke wanda zai ga amsa da wanda za a ɓoye wa. Masani kuma shi ke shata iyakar abin da mai mulki zai iya yin alkawari a kai, domin shugaba ba ya sa hannu a yarjejeniyar da ba shi da hanyar gane ko an karya ta. Inda abin ke lalacewa shi ne tsakiya, wurin da ake ɗauko hukuncin siyasa a sa masa rigar lissafi, a ce wa jama'a ai masana ne suka faɗa. Bari in nuna maka da fannina, nazarin girgizar ƙasa, don ban san wani fanni da wannan cuɗanya ta fito fili kamar shi ba.

A watannin Yuli da Agusta na 1958, masana daga ɓangarorin biyu na yaƙin cacar baka suka zauna a Jeneba a kan tambaya ɗaya: idan aka haramta gwajin bam ɗin nukiliya, za a iya gane wanda ya yi a ɓoye? Gwajin da ake yi a sararin sama ba shi da wuyar ganewa, iska ce ke yawo da burbushinsa har ƙasashen da ba ruwansu. Matsalar tana ga na ƙarƙashin ƙasa. Masanan suka ce da tashoshin sa ido kimanin 180 za a iya gano fashewa mai ƙarfin tan dubu biyar na nakiyar TNT zuwa sama. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, duk wannan ƙiyasi ya rataya ne a kan gwaji guda ɗaya tak, wanda Amurka ta yi a cikin wani tsauni a jihar Nebada a watan Satumba na 1957, mai ƙarfin tan 1,700. Duk ɗalibin da ya kawo mini sakamako daga misali ɗaya, sai na mayar da shi ya ƙaro. Amma a wancan lokaci iyakar abin da ke hannu ke nan, shugabanni kuma suna jiran amsa.

Ka san yadda muke bambanta girgizar ƙasa da fashewar bam? Girgiza dutse ne ke zamewa a jikin dutse, saboda haka tana tura ƙasa ta wata fuska, tana janye ta ta wata. Idan ka jera takardun na'urori daga tashoshi daban-daban, za ka ga a wasu allurar ta fara hawa sama, a wasu ta fara yin ƙasa. Bam kuwa tura ƙasa yake yi waje ta kowace fuska, don haka motsin farko sama yake yi ko'ina. Sai zurfi: idan abin ya faru kilomita 30 a ƙarƙashin ƙasa, ba hannun ɗan Adam ba ne. Sai kuma igiyoyin motsi masu tafiya a saman ƙasa, waɗanda girgiza ke haifarwa manya-manya, bam kuma ƙanana. A allo abin ba wuya. Amma ka ɗauko fashewa ƙarama daga nisan kilomita dubbai, wadda ta nutse cikin hayaniyar da igiyar teku da iska ke sa wa na'ura dare da rana. Na sha zama da ɗalibai mun sunkuya a kan layi guda, wannan ya ce sama ya fara, wancan ya ce ƙasa, kowa kuma da gaskiyarsa. Wannan 'yar shakka, wadda a aji abin koyarwa ce kawai, ita ce ta zama haja mafi tsada a siyasar duniya shekara biyar.

Ga yadda aka yi. A watan Oktoba na 1958 Amurka ta ƙara wasu gwaje-gwaje a ƙarƙashin ƙasa, sabbin alƙaluman suka nuna ganewar ta fi wuya a kan yadda aka zata a Jeneba. Wannan gaskiya ce ta kimiyya. Sai masu adawa da yarjejeniyar, irin su masanin Amurka Edward Teller, suka riƙe ta gam. Wani masani mai suna Albert Latter ya ƙara da lissafin cewa idan aka tayar da bam a cikin wani ƙaton kogo, ana iya rage ƙarfin motsin da zai isa na'ura har ninki 300. Sobiyat suka ɗauki wannan a matsayin dabarar wargaza tattaunawa. Da aka gwada dabarar kogon a wani ramin gishiri a jihar Misisipi a 1966, da ɗan ƙaramin bam, ragin da aka samu kimanin ninki 70 ne. Wato lissafin yana da tushe, an dai kai shi maƙura, ga kuma tambayar ta yaya ƙasa za ta haƙa kogon da zai ɗauki babban bam ba tare da an gan ta ba.

A ƙarshe gardamar ta koma kan lamba biyu. Shugaban Sobiyat Khrushchev ya ce zai yarda masu bincike su shiga ƙasarsa sau biyu zuwa uku a shekara. Shugaban Amurka Kennedy ya fara da neman ziyara takwas zuwa goma, ya sauko ya tsaya a bakwai. A kan tazarar da ke tsakanin uku da bakwai aka rasa cikakkiyar yarjejeniya. Ka lura da kyau a nan, domin nan ne zuciyar amsata. Masani zai iya gaya maka girgiza nawa ne a shekara ba za a iya tantancewa daga nesa ba. Amma ziyara nawa ce za ta isa ta tsorata mai niyyar maguɗi, da shakka nawa ƙasa za ta iya kwana da ita, wannan babu na'urar da ke auna shi. Kennedy yana buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa su amince da yarjejeniyar, Khrushchev kuma yana kallon kowane baƙo a matsayin ɗan leƙen asiri. Daga nan lambobin suka fito. Abin da aka sa wa hannu a Mosko ranar 5 ga Agusta 1963 ya hana gwaji a iska da ruwa da sararin samaniya kawai. Aka koma ƙarƙashin ƙasa, kuma gwajin da aka yi bayan wannan shekara ya fi na gabanta yawa.

Yanzu juya abin ka ga ɗaya fuskar. Saboda wannan gardama, ma'aikatar tsaron Amurka ta buɗe bakin aljihu ga fannin da a da ba shi da gata. Daga farkon shekarun 1960 aka kafa tashoshi kusan 120 a ƙasashe sama da 60, duka da na'urori iri ɗaya da agogo daidaitacce, ana kwafe bayanansu ga duk mai so. An yi su ne don sauraren bam, amma kunnen da aka kasa wa bam ya fi jin girgiza. Da waɗannan bayanai Lynn Sykes ya nuna a 1967 yadda ƙasan teku ke zamewa, a 1968 kuma shi da Bryan Isacks da Jack Oliver suka haɗa hujjojin da suka taimaka aka yarda cewa ɓawon duniya faifai-faifai ne masu motsi. Abin da nake koyarwa a makon farko na aji, kuɗin tsoron bam ne ya taimaka aka gano shi. Ban ji kunyar faɗin haka ba, amma ban kuma manta ba cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Shekaru da dama tambayoyin da suka sami tallafi su ne masu amfani ga mai ba da kuɗin, waɗanda ba su shafe shi ba suka yi ta jira. Ba sai an sa masani ya yi ƙarya ba, ya isa a zaɓa masa inda zai duba.

Me ya sa wannan haɗin ya yi albarka? Saboda bayanan a buɗe suke. Kwatanta da abin da ya sami Marie Tharp da Bruce Heezen, masu zana taswirar ƙasan teku. Rundunar ruwan Amurka ta mayar da cikakkun alƙaluman zurfin teku sirri saboda jiragen yaƙi masu nutso, dole suka koma zana tsaunukan teku kamar hoto, suka fitar da taswirarsu ta farko a 1957. Ko Clifford Cocks na hukumar sauraren sirri ta Birtaniya, wanda ya gano a 1973 wata dabarar kulle saƙo da lissafi, aka rufe ta a akwati. Wasu masana uku a Amurka suka sake gano ta da kansu a 1977, a kanta aka gina tsaron cinikin intanet, sunan Cocks bai fito ba sai 1997.

Sirri shi ne babban makamin mai mulki a kan masani, kuma illarsa ta wuce jinkirta ilimi. Kimiyya tana gyara kanta ne ta hanyar bari wani ya duba aikinka ya kama maka kuskure. Idan aka taƙaita masu dubawa ga waɗanda hukuma ta ba izini, to mai ba da izinin ya zama alƙalin wanda za a kira masani. Robert Oppenheimer ya jagoranci ɗakin binciken Los Alamos da ya ƙera bam na farko. A watan Oktoba na 1949 kwamitin mashawartan da yake shugabanta ya ba da shawarar kada a yi gaggawar ƙera bam ɗin haidurojin. Shugaban Amurka Truman ya yi gaban kansa a watan Janairu na 1950, wannan kuma haƙƙinsa ne a matsayin zaɓaɓɓen shugaba. Abin da ya biyo baya ne ya yi muni. A 1954 aka gurfanar da Oppenheimer gaban kwamitin bincike, aka tono tsohuwar hulɗarsa da 'yan gurguzu, aka haɗa da adawarsa ga sabon bam ɗin, aka ƙwace izininsa na ganin sirri. Ba a ɗaure shi ba, ba a kore shi daga aikinsa na Princeton ba, an dai rufe masa ƙofar ɗakin da ake yanke shawara. Duk wani masani mai ba gwamnati shawara ya fahimci saƙon. Sai a watan Disamba na 2022 gwamnatin Amurka ta soke wancan hukunci, shekara 55 bayan rasuwarsa. A ɗaya ɓangaren, Andrei Sakharov, wanda ya taimaka wa Sobiyat ƙera nasu bam ɗin, ya ƙare a tsare a birnin Gorki daga 1980 zuwa 1986 saboda bakinsa.

Duk da haka kada ka ɗauka masana ba su da ƙarfi. Ƙarfinsu yana cikin awo, musamman awon da wani daga waje zai iya maimaitawa. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta tayar da bam a tsibiran Bikini. An yi zaton ƙarfinsa zai kai tan miliyan shida, sai ya ba da miliyan 15, saboda masu lissafi sun ɗauka wani nau'in sinadarin litiyom da ke ciki ba zai shiga fashewar ba. Toka mai guba ta sauka a kan mutanen tsibiran Marshal da wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23, ɗayansu ya rasu bayan wata shida. Hukumomi sun yi ta rage girman abin. Amma masanan Japan sun auna tokar, Joseph Rotblat a Landan ya duba alƙalumansu ya gano yadda aka gina bam ɗin da kuma cewa dattinsa ya fi yadda ake faɗa nesa ba kusa ba, ya kuma wallafa. Bayan 'yan shekaru likitoci da iyaye a birnin St. Louis suka shiga tara haƙoran yara da suka fita, aka auna sinadarin sitirontiyom 90 da ke cikinsu, sakamakon farko ya fito a 1961. Uwa ba ta buƙatar izinin ganin sirri kafin ta gane me ake nufi da gubar bam a haƙorin ɗanta. Gani ya kori ji. Wannan matsin lamba na cikin abubuwan da suka kai shugabanni teburin 1963.

Misalin da ya fi ci mini rai shi ne na Iraki, domin a can masanan sun yi aikinsu daidai, tsarin ne ya danne muryarsu. A 2001 aka kama bututan alminiyom a Jodan a hanyarsu ta zuwa Iraki, cikin dubbai da ƙasar ta yi oda. Wani mai nazari a hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ya ce na injin tace yuraniyom ne. Ƙwararrun ma'aikatar makamashi ta Amurka, waɗanda suka yi rayuwarsu suna ƙera irin waɗannan injuna, suka ce faɗin bututan da tsawonsu da kaurinsu sun dace da rokokin milimita 81 da Iraki ta daɗe tana yi. Ra'ayi na farko aka kai wa jaridu da Majalisar Ɗinkin Duniya, na biyun ya maƙale a cikin takardun sirri. Haka batun takardun da ke cewa Iraki ta nemi tan 500 na yuraniyom daga Nijar. Da suka isa hannun Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, ba a daɗe ba aka gane jabu ne, har da wasiƙa ɗauke da sunan ministan da ya bar kujerarsa shekaru da dama kafin ranar da ke jikinta. Shugaban hukumar na lokacin, Mohamed ElBaradei, ya faɗi haka gaban Kwamitin Sulhu ranar 7 ga Maris 2003. Ba a cika mako biyu ba aka fara yaƙin. Tun daga lokacin, duk sanda na ji an ce masana sun tabbatar da wata barazana, abin da nake fara tambaya shi ne waɗanne masana, su waye suka saɓa, kuma an bar mu mun ji hujjarsu?

Akwai kuma lokacin da aka raba aikin yadda ya kamata. A tattaunawar nukiliyar Iran ta 2015, 'yan siyasa ne suka fara yanke abin da suke so: idan Iran ta yi niyyar ƙera bam, ya zama sai ta ɗauki shekara guda kafin ta tara abin da zai isa, maimakon wata biyu zuwa uku da ake ƙiyastawa a lokacin. Shekara guda zaɓin siyasa ne, kowa ya san haka. Sannan aka miƙa wa Ernest Moniz na Amurka da Ali Akbar Salehi na Iran, masana biyu da suka ratsa jami'ar MIT, su juya wannan buri zuwa abin da ake aunawa: injunan tace yuraniyom 5,060 masu aiki, tacewa kada ta wuce kashi 3.67 cikin ɗari, ajiya kada ta haura kilo 300. Masu sa ido suka yi ta tabbatar da ana cika sharuɗɗan. Duk da haka Amurka ta fice a watan Mayu na 2018, abin da ke nuna maka cewa lissafi mai kyau ba ya riƙe yarjejeniyar da siyasa ta saki.

A fanninmu ma haka muke zaune yau. An buɗe yarjejeniyar haramta kowane irin gwaji a 1996, tare da tsarin sa ido mai cibiyoyi 337 idan ya kammala. Da Koriya ta Arewa ta yi gwajinta na farko ranar 9 ga Oktoba 2006, mai ƙarfin da bai kai tan dubu ɗaya ba, tashoshi sama da ashirin suka ji shi, bayan kusan mako biyu kuma wata tasha a arewacin Kanada ta shaƙo iskar zenon da ta tsere daga ramin. Shakkar 1958 ta ragu ƙwarai. Amma yarjejeniyar ba ta fara aiki ba har yanzu: Majalisar Dattawan Amurka ta ƙi ta a 1999, Rasha ta janye amincewarta a 2023. Da aka rufe ƙofar uzurin kimiyya, sai ya bayyana cewa dama can ba shi kaɗai ba ne ya tare hanya.

Abu ɗaya da ba na yi wa uzuri shi ne aron rigar masani don aikin leƙen asiri. A 2011 hukumar CIA ta shirya rigakafin bogi a garin Abbottabad na Pakistan don neman tabbacin inda Osama bin Laden yake. Bayan abin ya fallasa, masu ƙin rigakafi suka sami hujjar da suka daɗe suna nema, daga ƙarshen 2012 aka shiga kashe ma'aikatan rigakafin shan inna, da yawansu mata. Sai a 2014 fadar White House ta yi alkawarin ba za a sake ba. Amanar da ma'aikatan lafiya suka yi shekaru suna ginawa gida-gida, aka kashe ta a aiki guda.

To, batun tallafinka. Ba zan ce maka ka ƙi ba, domin da na ce haka na ƙaryata tarihin fannin da nake ci da shi. Amma kafin ka sa hannu, karɓi takardar yarjejeniyar ka zauna da ita. Nemi sakin layin da ya yi magana a kan wallafa sakamako. Idan haƙƙinsu shi ne su duba aikinka na 'yan makonni don kada wani sirrinsu ya fita, wannan abu ne da aka saba. Idan kuwa suna da ikon hana wallafawa gaba ɗaya, to ka sani ba digiri kaɗai kake saya ba, kana iya ƙarewa da aikin da babu wanda zai duba maka shi, ba kuma za ka iya nuna shi ga mai ɗaukar aiki na gaba ba. Ko a Amurka, tun 1985 akwai umarnin shugaban ƙasa da ya ce binciken tushe ya zauna a buɗe gwargwadon iko, jami'o'i da yawa kuma da shi suke kafa hujja su ƙi irin wannan sharaɗi. Tambayi kuma ko za a tantance waɗanda za ka yi aiki da su bisa ƙasar haihuwarsu, da kuma wanda zai mallaki bayanan bayan ka gama. Sannan ka nemi mutum biyu da suka gama a wannan cibiya, ka tambaye su ko an taɓa neman su sassauta wata jimla a rahoto, ko su cire inda suka rubuta cewa ba su da tabbas. Idan ka ji amsarsu, turo mini da kwafin takardar mu duba tare.